Nasiha ga Samari Masu Sha'awar Motar Haibirid

Ya ku samari, tun daga ranar 29 ga watan Mayu na shekarar 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya shaida wa jama'a a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, har litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce 1,000 a shekarar da ta biyo baya, hirar masu mota a majalisu ta sake salo. A da in an ga sabuwar mota a ƙofar gida, tambayar da ake yi ita ce nawa aka saye ta, da irin gudun da take yi. Yanzu kuwa tambayar farko ita ce yaya shan manta yake. A cikin wannan hali ne sunan motar haibirid, watau wadda ta haɗa injin fetur da injin lantarki a jiki ɗaya, ya yawaita a bakunanku, wasu na yabonta kamar ba ta da aibi ko ɗaya, wasu kuma na tsorata mutane da ita kamar ba a taɓa samun wanda ya ji daɗinta ba. Na ga ya wajaba in yi muku bayani a tsanake, domin da mai yabon da mai kushewar, galibi babu wanda ya zauna ya fahimci yadda take aiki, alhali kuwa ita wannan mota alherinta da sharrinta duka suna rataye ne a kan ilmin mai ita.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun farkon ƙarni na 20 Ferdinand Porsche ya ƙera wata mota a ƙasar Austiriya wadda injin fetur ke samar wa wuta, wutar kuma ta juya ƙafafunta, amma nauyin baturan wancan zamani da arahar mai suka sa aka yi watsi da tunanin shekaru masu yawa. Sai a watan Disamba na 1997 kamfanin Toyota ya fito da Prius a ƙasar Japan, Honda ya biyo baya da Insight a 1999, daga nan kuma aka sa irin wannan haɗi a cikin Camry da Highlander da wasu motocin Lexus, waɗanda yanzu kuke gani jefi-jefi a wuraren dillalai. Zan fi kafa misali da Prius, saboda ita ce aka fi sani, kuma abin da ya shafe ta ya shafi sauran 'yan'uwanta da ɗan bambanci kaɗan.

Abin da ya kamata ku fara fahimta shi ne ta ina ragowar man take fitowa, domin duk sauran hukunce-hukuncen daga nan suke tasowa. Motar da muka saba da ita tana ƙona mai ko tana tafiya ko tana tsaye, kuma duk lokacin da direba ya taka birki, ƙarfin da aka sayi mai aka tara yakan zama zafi a jikin birkin ya bi iska, ba tare da ya amfani kowa ba. Ita kuwa haibirid, da zarar ta tsaya a cunkoso ko a gaban danja, injin fetur yakan mutu da kansa. In za ta tashi, injin lantarki ne ke ɗaga ta, domin shi ne ya fi ƙarfi a farkon motsi, inda injin fetur ya fi ɓarna. In kuma aka sassauta totur ko aka taka birki a hankali, sai injin lantarkin ya juye ya zama janareta, ya karɓi ƙarfin gudun ya mayar da shi wuta ya zuba a babban batir. Ban da wannan, shi kansa injin fetur ɗin an ƙera shi ne domin tattali, an rage masa ƙarfi da gangan, tun da yana da mataimaki. Saboda haka haibirid ta asali ba a jona ta da wutar gida ko kaɗan, kuma wanda ke tsoron rashin wutar lantarki a unguwarsu ya kwantar da hankalinsa, domin ita ke cajin kanta tana tafe. Akwai wani nau'i dabam wanda ake jona wa wuta, amma ba a kansa nake magana ba.

Idan kun gane wannan, za ku gane cewa ba kowa ne motar nan za ta yi wa rana daidai ba. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna Prius ta shekarar 2010 ta samu tana cin kusan lita 4.7 a kowane kilomita 100, alhali ƙaramar mota ta fetur zalla mai girmanta takan ci wajen lita 8; amma wannan rata ta fi faɗi ne a cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa. Wanda kullum yake ratsa cunkoson Kano daga unguwa zuwa kasuwa, ko mai shiga Abuja daga Nyanya da safe ya koma da yamma, ko mai yin haya a cikin birni, shi ne zai ga bambancin a aljihunsa tun makon farko. Wanda kuwa sana'arsa ita ce ya miƙe hanyar Kano zuwa Maiduguri ya take totur har ƙasa, to, injin fetur ne zai yi ta aiki ba hutu, babu birkin da za a karɓi wuta daga gare shi, iska kuma tana ƙara turjiya gwargwadon ƙaruwar gudu, sai ribar ta ragu ƙwarai. Haka nan wanda hanyar garinsu burji ce mai ramuka, ko wadda ruwa ke yankewa da damina, ya sani Prius mota ce mai gajerun ƙafafu, kuma ruwa da wutar lantarki ba su taɓa shiri ba. Ku dubi hanyar da kuke bi kowace rana kafin ku dubi motar.

Yanzu ga maganar da na fi so ta zauna a zukatanku. A ƙaddara mutum yana tafiyar kilomita 1,500 a wata. Da mota mai cin lita 8 zai sayi lita 120, da mai cin lita 5 kuwa lita 75, watau ya rage lita 45 ke nan. Saurayi yakan ga wannan ragowa ya ɗauka duka riba ce, ya ƙara yawo, ya ƙara ɗinki, ya manta cewa a bayan kujerar baya akwai wani batir mai tsada da yake tsufa kowace rana, wanda kuma ranar da ya gaza ba zai yi sallama ba. Masu ƙera motar da kansu sun san yana da wa'adi: a Amurka, Toyota ya daɗe yana ba da lamunin shekara 8 ko mil 100,000 a kan batirin, daga baya ya ƙara zuwa shekara 10 ko mil 150,000 ga motocin 2020 zuwa sama. Da yawa sukan wuce wannan wa'adi lafiya lau, amma ku lura, mafi yawan motocin da ke iso mana ta Kwatano da Legas sun riga sun cinye lamuninsu tun a can, kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Shawarata ita ce, daga ranar da kuka karɓi makulli, ku ware kashi ɗaya cikin uku ko ma rabin abin da kuka rage a gidan mai, ku ajiye shi inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi, ku ɗauke shi a matsayin bashin da motar ke binku. Wanda ya yi haka, ranar da batir ya mutu sai ya ɗauko ajiyarsa ya sayi wani, ya ci gaba da harkarsa. Wanda bai yi ba kuwa, shi ne za ku ga motarsa ta shekara a ƙarƙashin darbejiya, tayoyi sun sace, yana ta faɗa wa mutane cewa haibirid ba mota ba ce.

Wajen saye, kada kunya ko gaggawa su hana ku bincike. Malamanmu na fiƙihu sun yi dogon bayani a babin ciniki game da garari da ɓoye aibi, suka tabbatar cewa mai saye yana da haƙƙin sanin abin da yake saye, mai sayarwa kuma bai halatta ya rufe lahanin da ya sani ba. To, babu inda aibi ke iya ɓuya kamar cikin batirin haibirid, domin fenti da ƙyallin kujeru ba sa nuna shi. Ku je da makanikin da yake da na'urar bincike ta kwamfuta, ba wanda zai buɗe bonet ya kasa kunne kawai ba. Batirin Prius na 2004 zuwa 2015 ya ƙunshi ƙananan ɓangarori 28 da aka jera aka haɗa, kwamfutar motar kuma tana lura da su bibbiyu, rukuni 14 ke nan. Na'urar za ta nuna ƙarfin kowane rukuni, kuma idan ɗaya yana faɗuwa ƙasa da sauran duk lokacin da aka taka totur, to, ciwon ya riga ya fara. Ku tuƙa ta na ɗan lokaci mai tsawo, ku zuba ido ga ma'aunin batir a allon gaba: in yana cika nan da nan yana kuma zubewa nan da nan, in injin fetur ya ƙi mutuwa ko an tsaya, in kuka ji fanka na kuka a baya ba ƙaƙƙautawa, waɗannan duka alamun tsufa ne. Ku nemi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 a bincika tarihinta a intanet, domin daga cikin motocin gwanjo na Amurka akwai waɗanda ambaliya ta taɓa haɗiyewa, kuma irin waɗannan, ko an ba ku a rabin kuɗi, ku bar su. Ku kuma tuna mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kada lambar da ke allo ta ruɗe ku.

In Allah ya sa kun mallaka, to, ku san cewa manyan abokan gabarta a ƙasarmu biyu ne, zafi da ƙura, kuma mun wadata da su duka. Batir ba ya son zafi. Kowane yini da ya yi yana dahuwa yana rage masa kwana, kuma a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe aka bari a rana yakan fi haka nesa ba kusa ba. Masu ƙera ta sun tanadi wata 'yar fanka da ke zuƙo iska daga cikin ɗakin motar ta hura wa batirin, ƙofar iskar kuma tana gefen kujerar baya, wata 'yar raga ce wadda ba ta wuce tafin hannu ba, mutum zai iya shekara yana hawa motar bai lura da ita ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa aka kwance wannan fanka bayan hunturu ɗaya ko biyu ba zai sake raina ta ba: za ka ga fukafukanta sun toshe da jar ƙura wadda ta haɗu da zaren tufafi da gashi ta zama dunƙule, har sai an sa buroshi an kankare, kuma duk tsawon lokacin nan batirin yana can yana shaƙewa ba wanda ya sani. Ku sa a wanke ta aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce. Kada ku yarda mai ɗinka rigar kujera ya rufe ragar nan, kada fasinja ya jingina jaka ko babbar riga a kanta, kada kuma ku ɗora jarkar ruwa ko ledar fiya-wata a inda in ta fashe za ta gangara wajen batirin. Ku nemi inuwa duk inda za ku ajiye ta, in babu ku sa abin tare rana a gilashin gaba. Wani abin da zai ba ku mamaki shi ne, kunna na'urar sanyaya mota a lokacin zafi, wanda a sauran motoci ake ɗauka almubazzaranci ne na mai, a wannan motar yana daga cikin tattali, tun da iskar da kuke sha ita batirin yake sha.

Daga nan sai batun gareji, kuma a nan ina roƙon makanikanmu gafara, domin mutane ne masu basira waɗanda suka riƙe motocin ƙasar nan da ƙarancin kayan aiki shekara da shekaru, sai dai wasu al'adun da suka gada daga zamanin Fijo ba su dace da wannan mota ba. Al'adar cire tamostat, watau ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, da hujjar cewa na ƙasashen sanyi ne, tana hana injin haibirid kaiwa zafin da kwamfuta ke jira kafin ta kashe shi, sai ya yi ta aiki yana ƙona man da aka sayi motar domin a rage. Zuba ruwan rijiya ko na famfo a lagireto yana kawo tsatsa da toshewa, alhali motar tana da hanyoyin ruwa biyu, ɗaya na inji ɗaya na inbata, ita inbatar kuwa, wadda ke sarrafa wuta tsakanin batir da injinan lantarki, tana cikin mafi tsadar kayan motar. Ruwan sanyaya na musamman da kamfani ya ambata shi kaɗai za a zuba. Baƙin mai mai kauri da aka saba zuba wa tsofaffin motoci bai dace da injin da ke mutuwa yana tashi sau da yawa a tafiya ɗaya ba. Prius ta 2010 zuwa 2015 0W-20 aka rubuta mata, kuma a irin ƙurarmu gara a riƙa juye shi da wuri, a kuma riƙa duba matatar iska. Kwamfuresan na'urar sanyaya na lantarki ne, yana da mansa na dabam mai suna ND-11 wanda ba ya ɗaukar wuta, kuma idan mai gyaran esi ya ɗura masa man sauran motoci, ko ya yi amfani da tiyon da ya saba ɗura wancan da shi, sai wuta ta fara zurara, kwamfuta ta ƙi tayar da motar. Matatar hayaƙin da ke cikin salansa kuwa, wadda ke ɗauke da ma'adinai masu daraja, har ɓarayi a Ingila da Amurka suka mai da Prius abin farautarsu saboda ita, kada ku bari a ruɗe ku a cire ta da sunan ta toshe, kuma ku tabbata tana nan kafin ku saya. Masu wankin mota ma ku hana su feshin ruwa mai ƙarfi a cikin bonet.

Akwai kuma ƙaramin batir na bolt 12, irin na kowace mota, wanda a Prius ta 2004 zuwa 2015 yake can baya a gefen but. Ba shi ke juya inji ba, domin motar ba ta da kik irin wanda muka sani; aikinsa shi ne ya tashi kwamfuta, ita kuma ta buɗe wa babban batir hanya. Sau da yawa mutum yakan ga fitilun gargaɗi sun cika allo hankalinsa ya tashi, alhali wannan ƙaramin ne ya yi sanyi, saboda haka shi za a fara aunawa. Ba a tayar da haibirid da turi, ba a janta da igiya ƙafafun gaba na ƙasa, sai dai a ɗora ta a kan babbar mota, kuma in za a jona mata batir a kiyaye ƙwarai kada a juya wayoyin, domin kuskuren daƙiƙa ɗaya yana iya ƙona abin da albashin wata da watanni ba zai saya ba. Kada ku bari mai ya ƙare mata ƙaf kuna dogara da lantarki, kada ku bar ta a giyar N a cunkoso tun da a nan ba ta caji, kuma in za ku yi doguwar tafiya, ko aikin Hajji ne, ku wakilta wanda zai riƙa kunna ta kamar sa'a guda a mako a fili.

Ranar da babban batirin ya gaza, za a kawo muku shawarwari iri-iri, kuma mafi araharsu ita ce a ciro ɓangaren da ya mutu a sa wani. Wannan yana tayar da mota, ba na musu, amma duk manomin da ya taɓa ɗaura ɗan bijimi mai ƙarfi da tsohon sa a karkiya ɗaya ya san yadda huɗar takan kasance: ɗaya na ja, ɗaya na jan ƙafa, kunya ta karkace, kafin yamma dukansu sun galabaita. Sauran ɓangarori 27 shekarunsu ɗaya da wanda ya mutu, zafin da ya sha su ma sun sha, bayan 'yan watanni sai wani ya bi sahu, a sake kwancewa, a sake biya. Wanda hali ya matsa masa ya yi hakan, amma ya nemi gwanin da zai auna ɓangarorin duka ya daidaita su, ya kuma san cewa jinkiri ya saya. Wanda yake da ajiyar da na ambata ya sayi cikakken batir mai lamuni a rubuce. Tsohon kuma kada a miƙa wa yaran gwangwan su fasa da guduma, domin ruwan da ke cikinsa yana ƙona fata da ido, kuma ko ya mutu akwai sauran wutar da za ta iya kisa. A mayar wa masu sana'ar, su ma suna sayensa.

Tuƙinta ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. Ku tashi a hankali, ku hango tsayawa tun daga nesa ku sassauta, domin birkin da aka taka sannu shi ke komawa batir, wanda aka taka da ƙarfi kuwa ya tafi a banza kamar na kowace mota. Mai irin wannan tuƙi zai ga har birkinsa yana daɗewa bai cinye ba. Ku riƙa auna iskar taya da safe kafin ta yi zafi, bisa adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ba wanda mai faci ya ga dama ba.

Game da kayan ƙawa, na san zuciyar saurayi, kuma ban ce ado haramun ne ba, amma ku auna kowane abu da tambaya guda: shin yana ƙara wa motar nauyi, ko turjiyar iska, ko jan wuta? Manyan wili masu faɗin taya suna da kyan gani, suna kuma cinye wani kaso na man da kuka rage, ga saurin fashewa a ramukanmu. Ragar ɗaukar kaya a saman mota, in ba kaya za a ɗauka ba, a sauke ta. Manyan lasifikoki da fitilu masu walƙiya suna tsotse ƙaramin batir, kuma mafi muni shi ne mai rewayar da zai yanke wayoyi ya yi ta jone-jone a motar da kwamfutoci ke magana da juna ta cikin wayoyin nan. Ko na'urar bin sawun mota za a sa saboda ɓarayi, wadda na yarda tana da amfani, a kai wa wanda ya san motar. Su kuwa 'yan na'urorin da ake tallatawa a Facebook, na maganaɗisu da ƙwayoyin jefawa a tanki da abin soka wa a ƙarƙashin sitiyari, waɗanda ake rantsuwa suna rage shan mai da rabi, ku riƙe kuɗinku. Da suna aiki, da kamfanonin da ke kashe dukiya mai yawa domin rage lita ɗaya sun riga kowa sa su. Abin da ya cancanci kuɗinku kaɗan ne kuma mai araha: abin tare rana, da gejin auna taya, da 'yar na'urar bincike da ke haɗuwa da wayar hannu ta nuna muku zafin batir, da tukunyar kashe gobara, da alamar tsayawa mai kusurwa uku wadda jami'an kiyaye haɗurra ke tambaya. Fetur kuma ku saya a gidan man da kuka amince da shi, ku nisanci na bumburutu sai bisa larura.

Sauran abin da ya rage ya fi duk waɗannan nauyi, domin ya shafi rai, kuma kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya a shari'a. Motar nan in tana tafiya a hankali da lantarki ba ta da ƙara, har sai da Tarayyar Turai da Amurka suka wajabta wa masu ƙera sababbi su sa musu wata ƙara ta gargaɗi. Tsofaffin da ke zuwa mana kuwa da yawansu shiru suke tafiya. A lungunanmu akwai yara masu wasa a bakin ƙofa, akwai makafi da ke tsallaka titi da kunnensu, akwai tsofaffi masu fitowa daga masallaci da asuba, ga awaki da kaji kwance a inuwar mota, kuma dukansu sun saba ƙarar inji ce ke yi musu gargaɗi. Haƙƙinsu yana wuyanku. Kafin ku ja da baya ku zagaya motar da ƙafa, a cikin unguwa ku tafi kamar kuna tsammanin yaro zai fito, kuma kada ku ji nauyin taɓa ham. Shirun nan yana da wani haɗari a gida: mutum yakan fita ya bar ta a kunne bai sani ba, alhali muddin kalmar READY tana haske a allo, injin fetur zai iya tashi da kansa a kowane lokaci, kuma hayaƙinsa a rufaffen gareji ko kusa da tagar ɗakin kwana yana kisa kamar yadda hayaƙin janareta ya sha hallaka iyalai. Wayoyin da aka naɗe da launin ruwan lemo kuwa, ko a bonet ko a ƙarƙashin mota, suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, a wasu wuraren ta kai 500 ko fiye, saboda haka ku gargaɗi kowa, har yaron gareji mai karambani, kada ya kusance su.

A nan kuma nake juyowa gare ku, ku da ba ku da kuɗin sayen mota tukuna, amma Allah ya ba ku kaifin ƙwaƙwalwa da hannu mai aiki, ko kuna koyon rewaya a gareji, ko kun gama makarantar koyon sana'a kuna zaune kuna jiran takardar ɗaukar aiki. Motocin nan suna ƙaruwa a titunanmu, masu lantarki zalla kuma suna tafe a bayansu, alhali waɗanda suka iya gyaransu bisa ilmi 'yan kaɗan ne, har mai mota yakan ɗauke ta daga wani gari zuwa wani domin neman wanda zai karanta masa abin da kwamfuta ta ce. Ku nemi gwani ku durƙusa a gabansa, ku koyi karatun zanen wayoyi da aikin ma'aunin wuta, ku sayi safar hannu ta masu aikin lantarki kafin ku sayi sabuwar waya, ku koyi yadda ake cire makullin tsaro na batir a jira wutar ta sauka kafin a taɓa komai, kuma in kun ƙware, ku gaya wa mai mota gaskiyar halin batirinsa ko da gaskiyar za ta rage muku ciniki a ranar. Allah ya yi muku jagora, ya sa albarka a abin da za ku koya.